BASHIN BANKI DA SAUYIN DOKA: ABIN DA TARIHI YA NUNA WA MUTANEN AJINGI DA GAYA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman 'yan kasuwarmu na Ajingi da Gaya, da ma'aikatan da albashinsu ke bi ta banki.

A ƙarshen watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya umarci bankuna su ƙara jarinsu. Bankin da ke hulɗa har ƙasashen waje sai ya tara naira biliyan 500, mai aiki a faɗin ƙasa biliyan 200, na shiyya biliyan 50. Wa'adin da aka ba su shi ne 31 ga Maris 2026. Mutumin Toranke ko Balare zai iya cewa, to ni ina ruwana, tunda ko hannun jari ba ni da shi a banki? Da ruwanka, malam. Tarihin sama da shekara ɗari na kasuwanci a ƙasar Kano ya nuna cewa duk lokacin da za a sauya dokar banki, bankin yakan sami labari da wuri ya kintsa, kuma abin da ya fi saurin kai wa hannu shi ne gajeren bashin da ya ba 'yan kasuwa. Daga nan matsin yake gangarowa hannu zuwa hannu, har ya sauka a kan manomin da bai taɓa sa hannu a wata takarda ba.

Bari mu fara da sanin irin bashin da ake magana. Ma'aikatan banki suna kiransa obadiraf. Ni dai bashin zarce nake ce masa, domin abin da ake yi ke nan: banki ya yarje maka ka zarce abin da ke cikin asusunka har zuwa wata iyaka. Misali kana da dubu ɗari biyu, an sa maka iyakar miliyan ɗaya, sai ka ciri dubu ɗari bakwai ka sayi kaya, in ka sayar kuɗi ya shigo ya cike ramin. Kuɗin ruwansa kullum ake lissafawa a kan abin da ka zarce. Ana ba da shi na ɗan lokaci, wata uku ko shida ko shekara, sannan a sabunta in banki ya ga dama. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi a jikin takardar shi ne, a al'adar banki wannan bashi ne da mai shi ke da ikon cewa a biya shi duk ranar da ya buƙata. Bashin gina masana'anta na shekara biyar ba ya kiruwa da sauƙi. Bashin zarce kuwa ƙin sabunta shi kawai ya isa. Shi ya sa shi ne igiyar da ake fara ja.

ZAMANIN GYAƊA

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe layin ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano kuwa suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi, domin in farashi ya faɗi ana iya cinta. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa za a ba amana ba. Sai suka jingina da tsofaffin fataken goro waɗanda suka riga suka san hanya da mutane, irin su Alhassan Dantata da Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo.

Ga yadda abin yake tafiya. Banki ya ba kamfani lamuni na lokacin kaka. Kamfani ya ba attajiri kuɗi tun kafin gyaɗa ta iso. Attajiri ya rarraba wa yaransa, su kuma su ba 'yan baranda da dillalan ƙauye. Dillalin ƙauye ya ba manomi tun da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan zai biya da gyaɗa in an cire, abin da muke kira ba da kaka. Ƙasarmu ta gabashin Kano mai jigawa ƙasar gyaɗa ce, kuma da aka shimfiɗa layin dogo zuwa Nguru wanda ya bi ta Ringim, aka kammala shi a 1930, sikeli ya ƙara matsowa kusa da mu. Ka ga ke nan kakanninmu sun shiga harkar bashin banki ba tare da sun taɓa ganin ƙofar banki ba.

A 1929 aka haɗe manyan kamfanonin Ingila aka kafa UAC, masu saye suka ragu. A wannan shekarar kuma kasuwar duniya ta karye. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, kamfanoni suka tsuke kuɗin da suke bayarwa tun gaba. Amma haraji bai sauka yadda farashi ya sauka ba, kuma da tsabar kuɗi ake biyansa. Wanda aka tsuke wa a Landan ya tsuke wa na Kano, na Kano ya tsuke wa na ƙauye, manomi ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona. Wannan shi ne karo na farko da aka ga salon da zai riƙa maimaita kansa.

DOKAR 1952 DA BANKIN AREWA

Kafin 1952 babu wata cikakkiyar dokar banki a Najeriya. Duk wanda ya yi rajistar kamfani zai iya rataya allo ya ce banki ne. Da aka ji cewa doka na tafe, bayan binciken da wani Bature mai suna Paton ya yi a 1948, sai mutane suka yi ta rige-rigen buɗe bankuna kafin ƙofa ta rufe. Dokar 1952 ta ce bankin ɗan ƙasa sai ya biya jarin fam 12,500, ta ba waɗanda ke aiki shekara uku su cika sharaɗi. Mafi yawansu ba su kai labari ba, suka rushe da ajiyar talakawa a ciki. Yawancin wannan a Kudu ya faru, amma shi ya sa aka gane dole a sami mai sa ido, har aka kafa CBN da dokar 1958, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959.

A nan Arewa matsalar ta wani fanni ce. Tun 1949 hukumar gwamnati ce ke sayen gyaɗa, daga 1954 kuma ta koma hannun hukumar Jihar Arewa. Ba kowa ke saya mata ba sai wanda aka ba lasisi. Mai lasisi da kuɗinsa zai saya, ya zuba a buhu, a duba ingancinta, ya kai inda aka ce, sannan hukuma ta biya shi. Tsakanin ranar da ya biya manomi da ranar da hukuma ta biya shi akwai rami, kuma bashin zarce ne ke cike wannan ramin. Bankunan Turawa sun fi sakin jiki da kamfanonin Turawa da Kwarori. Bahaushen da ke son lasisi sai ya ga ƙofar ta yi masa ƙunci. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa Bank of the North a 1959, zamanin Sardauna, da hedikwata a Kano. Attajiran Arewa da dama ta wannan ƙofar suka shiga sayen amfanin gona da sunansu. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, bashi ne na 'yan watanni aka jera buhu kan buhu.

Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya yi tsanani a 1973. A 1975 cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. A 1986, ƙarƙashin shirin SAP na Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya. Ku lura da abin da wannan ke nufi ga banki. Da, in ya ba mai lasisi bashi ya san hukuma za ta biya a farashin da aka yanke tun farkon kaka. Da hukuma ta tafi, wannan tabbacin ya tafi, sai banki ya koma neman takardar gida a birni a matsayin jingina. Mutumin Gafasa ko Kunkurawa da gonarsa ta gado ba ta da takardar mallaka, ina zai samo?

BANKI YA ZO ƘAUYE, YA KOMA

A 1977 CBN ya tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. An yi shirin kashi uku har zuwa 1989, aka raba musu rassa 766 a faɗin ƙasa, aka kuma ce wani kaso na ajiyar da suka tara a ƙauye dole su ba da shi bashi a nan. A nan ne ƙananan garuruwa da dama suka fara ganin manaja da akawu da littafin ajiya. Amma abin da aka yi da tilas, da zarar tilas ta kau yakan koma inda ya fito.

A 1987 aka saki kuɗin ruwa, kowane banki ya yanke nasa. Sababbin bankuna suka yi ta fitowa kamar ciyawar damina. Sannan a watan Nuwamba na 1990 CBN ya fitar da wata ƙa'ida da ta sauya komai, kodayake mutanen gari ba su ji labarinta ba. Kafin nan, banki zai ba mutum bashin zarce, mutumin ya daina biya, banki ya ci gaba da lissafa masa ruwa yana rubutawa a littafi a matsayin riba, alhali ko sisi bai shigo ba. Sabuwar ƙa'idar ta ce bashin da ya kwana 90 ba a biya ba ya fara ruɓa, sai banki ya ware kashi 10 cikin ɗari daga aljihunsa. In ya kai kwana 180 ya ware rabi. In ya kai kwana 360 ya ware dukkansa, a ɗauka ya salwanta.

Ƙa'ida ce mai kyau, ba wanda zai musa. Amma ka sa kanka a kujerar manajan reshe. An ce maka duk bashin da ya tsaya daga ribarka za a cire. Wa za ka fara bi? Babban mutumin da ke da lauya da aboki a hukumar daraktoci, ko ɗan kasuwar da ke da iyakar dubu ashirin? Ƙaramin ake fara rufe wa. Manyan kuwa, basussukansu ne suka kayar da bankunan. Aka yi dokar soja ta 1994 kan bankunan da suka durƙushe, aka gurfanar da wasu, kuma ranar 16 ga Janairu 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A tsakanin waɗannan shekaru rassan karkara da ba sa kawo riba suka yi ta rufewa. Ba a manta ba, a wannan zamanin ne aka kawo People's Bank a 1989 da bankunan al'umma a 1990 don su cike gurbin.

SOLUDO DA BILIYAN 25

Ranar 6 ga Yuli 2004 gwamnan CBN Charles Soludo ya ce jarin banki ya tashi daga biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya ba da wa'adi zuwa 31 ga Disamba 2005. Wata goma sha takwas. Bankuna 89 suka koma 25, aka soke lasisin 14 da suka kasa. Bank of the North, wanda aka kafa don Bahaushe ya sami ƙofar shiga, ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas a farkon 2006.

Duk bankin da ke neman wanda zai haɗe da shi sai an buɗe littafinsa an duba, kuma yawan ruɓaɓɓen bashinsa shi ke rage masa daraja a ciniki. Saboda haka watannin da ke gaban wa'adi watanni ne na karɓo bashi da ƙin sabuntawa. Bayan haɗewa kuma sai ikon yanke hukunci ya tashi daga hannun manajan da ya san mahaifinka, ya koma hedikwata, inda lamba kawai suke gani. Amana, wadda ita ce jarin ɗan kasuwar Bahaushe tun zamanin fatauci, ba ta da gurbi a fom.

Ƙananan ma ba su tsira ba. A Disambar 2005 aka ce bankunan al'umma su koma bankunan maikirofainans, ƙaraminsu da jarin miliyan 20, kafin ƙarshen 2007. Daga baya aka sake ɗaga jarin, kuma a watan Mayu na 2023 CBN ya soke lasisin irin waɗannan bankuna 179.

To kuɗin da manyan bankuna suka tara a 2005, ina ya tafi? Bai zo Ajingi ba. Kaso mai yawa ya tafi wajen ba mutane bashi su sayi hannun jari, da wajen masu shigo da man fetur. Da kasuwar hannun jari ta faɗi a 2008, asiri ya tonu. Ranar 14 ga Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan CBN, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420. Aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, kowa ya gani. A 2010 aka kafa AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan. Babban mai bashi an saye nasa, an zauna da shi ana sasantawa shekara da shekaru. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke biya a kan lokaci, shi kuma ya tarar da bankuna sun tsorata, ba sa ba kowa.

IN AN TOSHE ƘOFA, A DUBA TAGA

Akwai wani darasin daban, na kuɗaɗen da ake cira. Tsofaffin 'yan kasuwa sun tuna COT, naira 5 da ake cira a kan kowace dubu ɗaya da ta fita daga asusun kasuwanci. A 2013 CBN ya ce za a kashe shi a hankali: naira 3 a 2013, naira 2 a 2014, naira 1 a 2015, sannan babu a 2016. Da 2016 ta zo sai ga wani sabon caji da sunan kuɗin kula da asusu, naira 1 a kan kowace dubu. An rage, gaskiya ne, amma bai mutu ba, suna ya sauya.

Kada a ce halin Najeriya ne kawai. A Ingila hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta hana bankuna cajin tara ta kullum a kan bashin zarce daga watan Afrilu na 2020, ta ce a mayar da shi kuɗin ruwa guda ɗaya da kowa zai gane. Kafin ranar ta zo, manyan bankunan ƙasar kusan duk suka sa ruwan a wajen kashi 40 cikin ɗari. Waɗanda ake cajin tara sun sami sauƙi, waɗanda suke da yarjejeniya mai rahusa kuma nasu ya hau. A Amurka an yi doka a Disambar 2024 don rage cajin zuwa dala 5 a manyan bankuna, majalisa ta soke ta a 2025 tun kafin ta fara aiki. Ko'ina banki yana da ma'aikata da aikinsu kawai su karanta dokar da ke tafe su lissafa yadda za a fita. Kai wa ke karanta maka?

Wani sauyin da ya shafe mu kai tsaye shi ne na 1 ga Agusta 2020, tsarin da ake kira GSI. Tunda lambar BVN ta haɗe duk asusun mutum wuri guda, bankin da ka ci bashinsa ka ƙi biya yana iya ɗebo kuɗinsa daga asusunka na wani bankin, in ka sa hannu a kan hakan ranar karɓar bashin. Dabarar da ake yi da, ta a bar wannan asusun a buɗe wani, ta ƙare. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ci bashin albashi ta waya cikin minti biyu, ya danna "na yarda" bai karanta ba, ya san da wannan.

Abin dariya kuma abin takaici, wanda ya fi kowa cin bashin zarce a ƙasar nan ita ce gwamnatin tarayya. Dokar CBN ta 2007 ta yarda a ba ta irin wannan bashi, amma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya cikin shekarar. Aka yi ta zarcewa har ya kai naira tiriliyan 22.7. A watan Mayu na 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Gwamnati ta sami shekara arba'in. Mu kuma muka biya namu kason a kasuwa, a farashin mudun gero da buhun taki, domin kuɗin da aka buga ba tare da kaya sun ƙaru ba tsada yake haifarwa.

INDA MUKE YANZU

Igiyar nan ta zamanin gyaɗa tana nan, kaya ne kawai suka sauya. Mai fitar da riɗi ko zoɓo a Dawanau yana aiki da lamunin banki. Shi ke ba yaransa kuɗi su shigo kasuwannin ƙauye da kaka. Dilan Singa da Kantin Kwari da ke ba mai shago kaya ya sayar ya kawo kuɗi, shi ma sau da yawa akwai banki ko kamfani a bayansa. Mai sayen shanu a Wudil ran Juma'a, da yaron POS da ke jujjuya kuɗin wani, duk a jikin igiyar suke. In an ja ta a Legas, za mu ji a Chula da Gurduba ko da bayan wata biyu ne.

Kuma alamun ja sun bayyana. Ma'aunin ruwan CBN ya tashi daga kashi 18.75 a farkon 2024 zuwa 27.5 a watan Nuwamba na wannan shekarar, kuma na banki kullum sama da haka yake. Ranar 3 ga Yuni 2024 aka soke lasisin Heritage Bank. A watan Agusta na 2024 CBN ya amince Unity Bank, magajin Bank of the North, ya haɗe da Providus. A watan Yuni na 2025 CBN ya ce bankunan da ke cin moriyar sassaucin da aka yi musu a kan wasu basussuka su dakatar da raba riba ga masu hannun jari har sai sun gyara littafinsu. Bankin da aka hana raba riba, me kake jin zai fara yi?

A yi adalci, ƙarin jarin ba sharri ba ne. Banki mai ƙarfi ya fi wuyar faɗuwa da ajiyarka, kuma NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in banki ya rushe daga dubu 500 zuwa miliyan 5 a 2024, na maikirofainans daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Mai yiwuwa bayan wa'adi bankuna su buɗe hannu. Amma 2005 ta koya mana cewa tara kuɗi daban, isowarsa ƙauye daban.

To me ya rage mana? Mu kintsa kamar yadda su suke kintsawa.

Wanda ke da bashin zarce ya ɗauko takardarsa yau ya duba abu uku: ranar da zai ƙare, ko banki na da ikon sauya ruwa ba tare da ya tambaye shi ba, da abin da ya jinginar. Kada ya bari sai ana saura mako ɗaya ya je neman sabuntawa. Ya je da wuri, ya nemi amsa a rubuce, domin maganar fatar baki ta manaja ba ta ɗaure hedikwata.

Kada a sayi abu mai daɗewa da gajeren bashi. Wanda ya ciri kuɗin zarce ya sayi fili, ko ya zuba hatsi a sito yana jiran tsadar damina, ya ɗaure kansa da igiyar da wani ke riƙe da bakinta. In aka kira bashin a watan da farashi ke ƙasa, dole ya karyar. Waɗanda suka ɓoye hatsi a 2024 suka ga yadda farashi ya sauko a 2025 sun san wannan zafin.

Mai karɓar kaya a hannun dila ya tambayi ubangidansa kai tsaye: Alhaji, bana za a samu kamar bara kuwa? Tambayar ba raini ba ce. Gara ka ji tun yanzu ka rage buri, da ka yi wa manoma alkawarin saye ranar kasuwa ta zo babu kuɗi. Manomi kuma da ke karɓar ba da kaka, a yanke farashi da adadi a gaban shaidu, a rubuta, kowa ya riƙe.

Ma'aikaci ya lissafa abin da ke saura a albashinsa bayan an cire, kafin ya danna wani sabon bashin a waya. Bashi a kan bashi shi ne ramin da ba a fita da sauƙi.

Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, tun 2012 da Jaiz ya buɗe, da reshe a Kano cikin na farko, akwai bankunan da ke sayo maka kaya su sayar maka da riba sananniya. Su ma an ɗaga musu jari zuwa biliyan 20 ga na ƙasa baki ɗaya, su ma suna da wa'adi da jingina, saboda haka karanta takarda bai faɗi a kansu ba.

Sannan adashi da ƙungiyoyin gama kai na 'yan kasuwa da manoma, kada a raina su. Su ne kaɗai lamunin da sanarwar Abuja ba ta kira. In ƙungiya ta yi rajista, tana da littafi, kuɗinta na bi ta asusu ɗaya, ta fi mutum ɗaya ƙarfin magana a gaban banki.

Akwai kuma abin da ya wuce ƙarfin mutum ɗaya. Wakilanmu na Gaya da Ajingi da Albasu a majalisar tarayya, da shugabannin ƙananan hukumomi, ya kamata su yi tambayar da aka yi a 1977: daga cikin ajiyar da ake tarawa a yankin nan, nawa ke dawowa a matsayin jari ga mutanen yankin? Su kuma matsa a sauƙaƙa takardar mallakar gona da gida a karkara, domin tun 1986 rashinta ke rufe mana ƙofa. Tun ran gini ran zane. Bankuna suna lissafi dare da rana, mu ma mu zauna mu yi namu.

Duk wanda ya ga zamanin sikelin gyaɗa, ko mahaifinsa ya yi hulɗa da Bank of the North, don Allah ya ba mu abin da ya sani a ƙasa, matasa su amfana. A tura wa 'yan uwa 'yan kasuwa. Allah ya rufa mana asiri, ya raba mu da nauyin bashi, ya sa albarka a nemanmu.